Cefanen Goggo: kwana huɗu a Gombe tsakanin kanti da kasuwa

Ni dai asalin tafiyar nan ba yawo ne ya kaini ba. Hamma, wato yayana, ne ya kirani ranar wata Talata da daddare yace Goggo jiri ya kwashe ta a tsakar gida, an kaita asibiti an auna ance jininta ya hau sosai ga kuma suga ya fara leƙowa. Goggo ƙanwar Babanmu ce, a hannunta nayi firamare kafin a maido ni Bauchi, don haka ban tsaya wani dogon lissafi ba na nemi izini a wajen aiki na kama motar safe ta ranar Alhamis. Watan Fabrairu ne, sanyi ya fara sassautawa amma hazo na nan, kowa a motar leɓensa a bushe.

Hanyar Bauchi zuwa Gombe na bita ya fi a ƙirga amma wannan karon da yake maganar abinci ce a raina sai idona ya riƙa kaiwa kan abubuwan da da bana kula dasu. A gadar Dindima ruwan kogin Gongola ya ja baya, yashi ya fito, amma gefe da gefe kore shar, fadamu ne na masu noman rani da injinan ban ruwa suna ta tuttu-tuttu. Da muka tsaya Alkaleri yara suka yanyame motar da tire, ga kankana an yanka, ga rake, ga gyaɗa, ga dafaffen ƙwai, wasu kuma biskit da lemon roba mai sanyi. Matar da ke kusa dani ɗanta ya fara kuka, ta miƙa hannu ta sai masa lemon roba da biskit, alhali yankan kankanar bai kai kuɗin lemon ba. Ban ga laifinta ba wallahi don nima haka nake wa nawa, abun da zai sa yaro yayi shiru da wuri shi hannu ke fara kaiwa. Amma abun ya tsaya min a rai har muka wuce Bara muka shiga Gombe.

Na sami Goggo a zaune kan tabarma an sallamo ta, jiki da sauƙi sai dai fuskar nan a ɗaure. Bayan gaisuwa ta jawo wata takarda daga ƙasan filo ta miƙo min tace "'yar nan karanta ki ji, wai in bar gishiri, in bar magi, in rage kanwa, in bar lemon kwalba, in rage suga a shayi. To me ya rage a duniya da zan ci?" Nace Goggo kiyi haƙuri ai ga ƙasan takardar an rubuta abun da za ki ci, ganye, wake, hatsi, kifi, kayan marmari daidai gwargwado. Tace toh je ki duba sito ki gani ko akwai su.

Na shiga siton. Katan ɗin taliyar yara biyu, katan ɗin tumatirin leda, ledojin magi kala uku, madarar gari, suga, makaroni, kifin gwangwani, lemon kwali. Kuma abun da ya sa jikina yayi sanyi shi ne duk mu muka aiko mata dasu. Ni da kaina da azumin bara na aiko da katan biyu. A wajenmu gata ne, mutum ya samu albashi ya haɗa wa tsohuwarsa kayan kanti a gani a ce 'ya'yanta na kula da ita. Matar da ta rene mu da tuwon dawa da miyar kuka da faten rama, mu muka cika mata ɗaki da leda da gwangwani.

Da yamma Hamma yace mu je wani babban kanti a cikin gari mu haɗo mata abubuwan da suka dace. Shi Hamma ya taɓa aiki a irin waɗannan manyan kantunan a Abuja wajen shekara uku kafin ya dawo gida, so ya san cikinsu. Muna tura ƙofa sanyin esi ya buge mu sai ƙamshin burodi da kek da ake gasawa nan kusa da ƙofa, ni da ban ci komai ba tun ƙwan Alkaleri nan take cikina ya amsa. Hamma yace "kin ji ko? Ba wai wuri suka rasa ba suka ajiye gashin burodi a nan." Ya ɗauko keken zuba kaya nace ai kwando ya ishe mu, yace a'a bari ki gani da idonki.

Shinkafa da mai da oat muka zo nema, kuma duk suna can ƙuryar kantin. Kafin ka kai wajensu sai ka ratsa layin biskit, layin cakulan da alawa, layin lemuka kala-kala tun daga ƙasa har sama, layin konfilas. Hamma na tafe yana nuna min, yace duba kanta ɗin nan, abun da yake daidai idonki shi ne wanda aka fi son ki ɗauka, mai sauƙin kuɗi sai kin sunkuya ko kin ɗaga kai. Yace yanzu duba daidai gwiwarki, na duba, duk kayan zaƙi ne masu hoton katun, daidai idon yaro ɗan shekara huɗu. Bakin kowane layi kuma an yi tsibin wani kaya an manna jan takarda wai an rage kuɗi. Yace a manyan kantuna kamfanoni har biya suke a ajiye musu kayansu a wuri mai kyau, kanta ma haya ce. Wajen biyan kuɗi kuwa inda dole ka tsaya layi, cingam ne da minti da ƙananan cakulan da firij ɗin lemo a hannun dama.

Daga baya na bibiyi tarihin abun don ya bani mamaki. Ashe da can a ƙasar Amurka ma kamar shagon unguwarmu ne, ka tsaya a waje ka faɗa wa mai shago abun da kake so ya miƙo maka. A 1916 wani mutum Clarence Saunders ya buɗe kanti mai suna Piggly Wiggly a garin Memphis inda mai saye zai shiga ya ɗauka da kansa, kuma ya tsara shi yadda sai ka bi ta gaban kaya kafin ka fita. Keken zuba kayan kuma wani mai kantuna ne Sylvan Goldman ya fito dashi a 1937 a Oklahoma, don ya lura mutane na daina ɗaukar kaya da zarar kwando ya musu nauyi a hannu. Wato keken da Hamma ya turo min ba don tausayin hannuna aka ƙirƙire shi ba.

Akwai wata shawara da nake yawan ji daga masu maganar lafiya, wai idan ka shiga kanti ka bi gefe-gefe, jikin bango, kar ka shiga tsakiya. Dalilinsu a kantunan Turai da Amurka jikin bango nan ake jera ganye da 'ya'yan itace da nama da kifi da madara saboda nan firij yake, tsakiya kuma kayan leda da gwangwani. Toh nace bari in gwada. Na bi bangon kantin nan tun daga ƙofa har na zagayo, abun da na samu omo ne da sabulu, famfas, man shafawa, turare, firiza cike da ayis kirim da sosej da daskararrun kaji. Ɗanyen kaya duka-duka firij ɗaya ne ɗan siriri, tuffa da inabi na ƙasar waje, karas guda biyar-biyar a leda, rabin kabeji an naɗe shi ya fara yin baƙi a baki. Babu alayyahu, babu zogale, babu kuɓewa, babu ko attaruhu. Mun fito da leda uku, naira 18,000 ta tafi, kuma a bakin ƙofar kantin a waje ga wani bawan Allah da baro cike da kankana da gwanda, ga wani yana feraye lemo. Nan na gane gefen da suke faɗa ɗin, mu namu a waje yake, sai ka fita daga ginin gaba ɗaya.

Muna isa gida Goggo ta zazzage ledojin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗago tace "to ina kayan miya?" Ni da Hamma babu wanda ya amsa.

Ba zan ce kanti bashi da amfani ba fa. Farashi a rubuce yake babu ciniki babu jin kunya, wuri a share, kana iya duba ranar lalacewar kaya da lambar NAFDAC, kuma man girki da gishiri mai aidin na fi natsuwa in saye su a rufe. Amma duk wanda yace zai ciyar da mai hawan jini daga can kaɗai zai sha wuya. A daren ni da matar Hamma muka zauna da fitilar waya muna karanta bayan ledoji, abun da ban taɓa yi ba a rayuwata. Hukumar lafiya ta duniya tace babba kar ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma ba wanda ka barbaɗa da hannu kaɗai ake nufi ba har wanda ke ɓoye cikin magi da garin ɗanɗanon taliyar yara da kifin gwangwani da burodi. Magi ɗin kansa in ka duba jerin abubuwan da aka haɗa shi dasu gishiri ne ke zuwa farko. Mu kuwa tukunya ɗaya sai a jefa huɗu biyar a kuma ƙara gishiri. Haka nan hukumar tace ganye da kayan marmari a ci aƙalla giram 400 kullum. Matar Hamma tayi shiru can tace "Adda, wallahi akwai satin da in ba albasa da tumatirin leda ba babu wani ganye da ke shiga gidan nan."

Washegari Juma'a tun da hantsi muka hau keke napep sai babbar kasuwa. Kai jama'a! Daga shiga layin 'yan gwari numfashina ma ya canza, ƙamshin ɗanyen attaruhu da lawashi da ƙasa mai laima. Tumatir kashi-kashi jajir, tattasai manya kamar tafin hannu, albasa fara da ja, alayyahu an ɗaure dami-dami ana yayyafa masa ruwa, yakuwa, rama, zogale, kabewa an fasa ta ana saida yanka, kuɓewa ɗanya, karas da ganyensa, kabeji, latas, gurji, yalo. Ita ma kasuwa ai tana da nata tsarin, kowa da layinsa, 'yan gwari daban, mahauta daban, masu busasshen kifi daban, masu su daddawa da kuka da citta da kanumfari da masoro daban, 'yan koli can gefe. Bambancin shi ne nan kai ke zaɓar layin da za ka shiga, babu wanda ya tsara sai ka bi ta gaban alawa kafin ka kai ga albasa. In hatsi kake so kuma ka fita ka nufi Tudun Hatsi, inda muka je daga baya muka auno gero da dawa da wake da gyaɗa, buhuna jibge kamar ganuwa, 'yan dako na ta kai da kawo.

Amma kar in yi muku ƙarya, kasuwa ma da nata dabarun. Manyan tumatir a saman kwano, ƙanana da masu tabo a ƙasa, sai kin ce a juye miki a gabanki. Ganyen da ya kwana a jiƙa shi ya miƙe kamar yanzu aka tsinko. Ga ƙudaje a layin nama, ga kwata a gefe, ga ruɓaɓɓen tumatir da ake warewa a saida da arha kuma akwai masu saye su markaɗa, wannan kam ya dameni sosai don talauci ne ke sa mutum ya ci abun da ya san ba lafiya. Matar Hamma ce ta riƙa koya min, tace wake in kika ɗebo kika ji warin magani ajiye shi, gara mai ɗan ƙwari da wanda aka zuba wa guba. Ayabar da tayi ruwan ɗorawa tas kamar fenti amma kanta kore, ki yi hattara wataƙila da sinadari aka nunar da ita. Kuma ta na da mutanenta, wani dattijo mai kayan miya tana zuwa yace "Hajiya ya mai jiki?" don har ya ji labarin Goggo, ya zaɓo mana da hannunsa ya ƙara gyara ya kuma ɗora damin zogale yace a kai mata sadaka. Abun da muka kashe a layin gwari bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kanti ba, kuma sai da muka ɗauki yaro mai baro.

Ranar Asabar ce ta fi tsaya min a rai. Hamma yace tunda abun ya shiga ranki tashi mu je inda kayan ke fitowa. Bayan asuba muka kama hanyar Biu, ba wata tafiya mai nisa ba sai ga Kwadon, a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, in ka miƙe gaba kuma Dadin Kowa ce inda madatsar ruwa take a kan kogin Gongola, shi dai kogin da na tsallake a Dindima. Ban taɓa ganin tumatir da tattasai da yawa haka a wuri ɗaya ba. Kwanduna a jere an rufe bakinsu, manoma na saukewa daga babura da a-kori-kura, dillalai na ta ɗaga murya, manyan motoci na lodi za su yi nisa dasu. Mun tsaya wajen wani tsoho da kwandunansa shida, Hamma ya gaishe shi da fillanci suka taɓa hira sannan ya juyo da Hausa saboda ni. Nace Baba ya kasuwa? Yace "'yata kasuwa sai godiya, amma kaya in yayi yawa mai shi ne ke roƙo. Wannan in bai tafi yau ba gobe rabin kuɗi, jibi sai dai a zubar." Yace yanzu da rani kowa ya kwaso lokaci ɗaya, amma bari ruwa ya sauka wajen watan biyar zuwa na bakwai, tumatir huɗu sai a ce miki kuɗin da yanzu za ki cika kwano. Ya tuno mana shekarar 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a arewa, yace wanda ya ga wannan shekarar ba ya raina kwando ɗaya.

Ina tsaye ina kallon wani tsibi da aka zubar a gefen hanya awaki na ci, sai siton Goggo ya faɗo min, katan ɗin tumatirin leda. Tsakanin tsibin nan da siton bai fi tafiyar rabin awa ba. Wallahi sai da ƙwalla ta taru min. Mutumin nan ya kwashe watanni yana ban ruwa da fetur mai tsada, kayansa na ruɓewa a rana, mu kuma 'ya'yan garin muna can cikin esi muna sayen jan abu a leda wanda ko a bayansa an rubuta an ƙara gishiri da wasu abubuwan. Muka sayi kwando ɗaya na tumatir da rabin solo na tattasai, ban yi masa tayin wulaƙanci ba, abun da ya faɗa na ɗan rage kaɗan yace albarka, na ƙara yace na sallama.

Da muka shigo da kwandon gida, Goggo da kwana biyu take kwance sai gata ta miƙe zaune tace a kawo mata wuƙa da faranti. Matar Hamma tace Goggo ina za mu kai wannan duka, wuta ba tsayawa take ba firij ɗin ma ya zama kabad. Goggo tace "da can da firij muka rayu?" Ta sa aka share bayan ɗaki aka shimfiɗa sabuwar tabarma a kan benci don kar ƙasa ta taɓa, aka wanke tumatir ana rabawa biyu ana jerawa a rana, aka nemo tsohon gidan sauro mai tsafta aka rufa saboda ƙura da ƙuda. Kauɗa kenan. Tace haka ake wa kuɓewa, haka ake wa tattasai, zogale da rama kuma a inuwa ake shanya su don kar su ƙone su rasa korensu. Wani kason aka markaɗa aka tafasa har ruwan ya ƙone.

Nan na faɗa mata abun da na karanta, cewa wani malamin jami'a a ƙasar Brazil mai suna Carlos Monteiro tun 2009 ya kasa abinci kashi-kashi gwargwadon yadda aka sarrafa shi, kuma ba kowace sarrafawa ce matsala ba, shanyawa da daka da tafasawa da tsimawa daban, abun da aka haɗa a masana'anta da kala da ƙamshin ƙarya da sinadaran da babu su a kicin ɗin kowa shi ma daban. Har a wani bincike da aka fitar a 2019 a Amurka an ajiye mutum 20 wata guda, sati biyu ana basu irin na masana'antar sati biyu kuma dafaffen abinci na gaske, kowa ya ci iya cinsa, sai aka ga a satin na masana'antar suna ƙara cin wajen kalori 500 a kullum kuma sun ƙara kusan kilo ɗaya. Goggo bata ɗago daga yankan da take ba tace "ni abun da na sani, daddawa zan iya yinta a tsakar gidan nan daga kalwa, kuka zan iya dakawa, man gyaɗa zan iya matsewa. Wancan na ledar kuwa ko shekara za a bani ban san ta inda ake fara shi ba."

Da daddare nayi mata faten tsaki da alayyahu da yakuwa da ɗan wake da gyaɗa, na daka daddawa da albasa da citta da busasshen kifi, gishiri ɗan mitsitsi, magi ko ɗaya. Ta kai cokali na farko ta yamutsa fuska tace salam. Gaskiya ta faɗa, nima na ji, harshenmu ya riga ya saba. Amma ta cinye kwanon. Matar Hamma kuma ta faɗi tata gaskiyar, tace Adda ke gobe za ki tafi, ni ce zan tashi in shirya yara in tafi aiki in dawo biyar, gyaran ganye da surfe ba wasa bane ga gas yayi tsada, taliyar yara minti biyar ce. Ban da amsar da ta wuce mu zauna mu tsara, haka kuwa aka yi, Hamma ya ɗauki zuwa kasuwa duk Asabar, ita za ta yi jajjage da gyaran ganye na kwana uku a lokaci ɗaya, 'yarsu babba ta ɗauki kai niƙa, kanti kuma sai da takarda a hannu kuma ba da yara ba, ba kuma da yunwa ba. Ni nawa alkawarin, kuɗin katan ɗin da nake aikowa zai koma na wake da gero da kifi.

Lahadi na kamo hanya, a Alkaleri na sayi kankana. Ina sauka Bauchi ban wuce gida ba sai da na biya kasuwar Muda Lawal, wadda nake wucewa ta gabanta kusan kullum in tafi kanti, na cika jaka da alayyahu da karas da dankali da lemo. Yarana sun yi ta leƙa jakar suna neman biskit ɗin tsaraba, ƙaramin har da kukansa, na feraye masa lemo ya ƙi karɓa sai can da ya gaji ya sha.

Shekaranjiya da daddare Goggo ta kira, muryarta garau. Tace an koma asibiti an auna jinin ya ɗan sauka amma likita yace kar ta kuskura ta bar shan magani, tace har yanzu miyar salam take jinta sai dai ba kamar ranar farko ba. Sannan tace kauɗar ta bushe ƙayau ta cika ƙaramin buhu, ko a ɗibar min a bayar a motar safe? Nace a ɗibar min Goggo, a haɗo da daddawa.